Gona da Rumbu: Ranar Yanka Ba Ta Jiran Kowa

Ga shi marka ta wuce, gero ya fara shiga gida, hankalin kowa kuwa ya koma kan sauran amfanin da ke tsaye a gona. A wancan wata mun yi magana a kan gyaran rumbu. Yau za mu ja baya kaɗan, mu duba 'yan kwanakin nan da ke tsakanin nunar amfani da shigarsa rumbu. Kwanaki ne kaɗan, amma a cikinsu ne gidaje da yawa sukan rasa wahalar wata huɗu.

Abin da ya same mu

Bari mu fara da namu kuskure, domin kada a ce muna wa'azin abin da ba mu ɗanɗana ba. Wata shekara mun sami aron gona a yamma da Arkilla, wajen hanyar Wamakko, muka shuka riɗi a farkon watan Yuli. Damina ta yi kyau, riɗi ya tashi har ya kai ƙirjin mutum. Mun riga mun yi lissafi a zuci, mun ce kuɗin makarantar yara zai fito daga nan, har a sami rarar yi wa ɗaki rufi.

A farkon Oktoba wani dattijo maƙwabcin gonarmu ya tsaya a kan iyaka, ya tsinki kwanso ɗaya daga gindin kara, ya murza shi a tafin hannu. Ya ce, "Malam, mi kaka jira? Riɗin ga naka ya kai. Kak ka bari shi ƙara kwana ukku."

Muka ce, "Baba, ai na sama bai nuna ba tukuna. Dubi kansa, har yanzu kore ne shar."

Ya ce, "Na sama ba naka na ba, Malam. Na ƙasa shi an naka."

Muka yi masa godiya, amma ba mu ji ba. Muna so mu sami na ƙasa, mu sami na sama kuma. Ga shi akwai bikin wani ɗan'uwa a wani gari, muka ce bari mu je mu dawo, kafin nan duka ya nuna. Muka yi kwana takwas. A cikin kwanakin nan aka yi rana mai zafi, kwanson ƙasa suka bushe suka buɗe baki. Sa'an nan hadarin ƙarshen damina ya taso da dare, da iska mai ƙarfi da ɗan ruwa kaɗan. Da muka dawo muka tarar ƙasa ta yi fari da riɗi, tururuwa da kurciyoyi suna ta biki. Inda muka sa rai da buhu uku, buhu ɗaya da 'yan kwanoni muka kai gida. Da lokacin biyan kuɗin makaranta ya yi, sai tunkiyar uwargida aka kai kasuwa. Ba ta yi faɗa ba. Abin da ta ce shi ne, "Maigida, baɗi in Baba ya yi magana, a ji." Garin neman gira muka rasa ido.

Yadda riɗi yake nuna

Dattijon nan ya san abin da ya kamata kowane mai noman riɗi ya sani. Riɗi ba ya nuna gaba ɗaya. Yakan fara fure daga ƙasa, ya yi ta hawa sama har makonni. Saboda haka kwanson ƙasa su ne na fari, su ne manya, su ne masu tsaba mai nauyi da mai. Na sama kuwa 'yan auta ne, ƙanana, waɗansunsu ma ba za su cika ba ko an jira su. Kwanson riɗi kuma da zarar ya bushe sai ya tsage daga kai. Ba ya bukatar komai sai a girgiza shi, tsaba ta zube. Wanda ya tsaya jiran 'yan auta, to, yana sayar da manya ne a kan banza.

Yawancin irin da ake shukawa yakan kai yanka tsakanin kwana 90 da 120. Amma kada mu dogara ga ƙidayar kwana kaɗai, gama shekara ba ta zama ɗaya da 'yar'uwarta. Karan ne zai faɗa mana. In ganye ya yi rawaya ya fara kakkaɓewa, kara ya soma canja launi, kwanson ƙasa ya yi rawaya amma bai buɗe ba, ranar ke nan. A buɗe kwanso biyu ko uku na ƙasa a duba. In tsabar ta yi tauri, ta ɗauki launinta, a kawo lauje.

Riɗi ba abin wasa ba ne yanzu. Kusan rabin nauyin tsabarsa mai ne. Daga kasuwannin Maigatari a Jihar Jigawa da Dawanau a Kano ake tara shi, a kai shi har Japan da Sin da Turkiyya. Kowane kwano da ya zube a ƙasa, kuɗin littafi ne ko na magani ya zube.

Ko masu manyan injuna ba su tsira ba

Watakila wani zai ce wannan damuwar talaka ce, wanda ba shi da komai sai lauje. Ba haka ba ne. Akwai wani amfani da ake kira kanola, wanda ba a noma shi a ƙasarmu, gama yana son sanyi. Halinsa kuwa kamar na riɗi ne. Yana da fure rawaya, da ƙananan tsaba baƙaƙe a cikin kwanso, ana matse man girki daga cikinsu. Shi ma daga ƙasa yake fara nuna, kwansonsa kuma yakan fashe in ya bushe. Masana biyu na ƙasar Kanada, Baldur Stefansson da Keith Downey, su ne suka gyara irinsa har mansa ya zama mai kyau ga ci. An fito da irin farko a Jami'ar Manitoba a 1974, aka raɗa masa sunan kanola a 1978. Yau manoman lardunan Saskacewan da Albata da Manitoba suna noma shi a gonakin da ido ba ya ganin iyakarsu.

Waɗannan mutane suna da injin yanka, da injin sussuka, da labarin yanayi kowace sa'a. Duk da haka, ga yadda suke sanin ranar yanka: manomi yakan shiga gona da ƙafarsa, ya tsinki uwar kara, ya buɗe kwanso da yatsa, ya ƙidaya tsabar da ta fara juyewa daga kore zuwa baƙi. Watau abin da dattijonmu ya yi a kan iyakar gona, shi suke yi. A dā ana ba su shawara su yanka in tsaba 30 zuwa 40 cikin 100 sun juya. Daga baya gwaji ya nuna masu yin haka suna hasara, domin sauran tsabar takan motse ba ta cika ba. Sai aka mai da shawarar zuwa wajen 60 cikin 100. Ashe sauri ma yakan haifi nawa. Amma ku lura, ba a ce su jira 100 cikin 100 ba. In sun yanka, sukan kwantar da shi jeri-jeri a gona ya ƙarasa bushewa, kamar yadda mu muke jingine dammunan riɗi.

Yanayi kuma ya sha koya musu hankali. Ran 20 ga Agusta 2004, sanyi mai daskarar da raɓa ya sauka a Saskacewan tun amfani yana ɗanye. In irin wannan sanyi ya kama kanola, korensa ba ya fita, masu saye kuwa sukan karya masa farashi. A 2019 ruwa da dusar ƙanƙara suka sauko a Satumba da Oktoba, injuna suka kasa shiga gona. Amfani mai yawa ya kwana a fili dukan lokacin sanyi, sai a 2020 aka kwashe abin da ya ragu. A 2021 kuma fari da zafi suka rage abin da ƙasar ta samu da kimanin kashi ɗaya cikin uku.

Me suka koya? Sun koyi cewa babbar gona ba ta yankuwa rana ɗaya, saboda haka mai hankali yakan fara da ɓangaren da ya riga nuna, ko da sauran bai kai ba. Sun koyi shuka iri mai saurin nuna a wata gona, mai jinkiri a wata, domin kada aiki ya haɗu musu a mako ɗaya. Masu gyaran iri kuma sun fito da kanolar da kwansonta ba ya saurin fashewa, har manoma da yawa suna barinta ta bushe a tsaye. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ba mu da dusar ƙanƙara, amma muna da iskar ƙarshen damina, muna kuma da gulbi.

Masu shinkafa a fadama

Mutanen Arkilla da yawa, har da ma'aikata da 'yan kasuwa, suna da 'yar gonar shinkafa a fadamar Gulbin Rima. Wanda ya zauna a Sakkwato a 2010 ba zai manta da watan Satumba ba. Madatsar ruwan Goronyo, wadda aka gama ginawa a 1984, ta cika ta batse. Ruwa ya kwararo ya shafe gonaki da ƙauyuka a Goronyo da Wurno da Kware da Wamakko da Silame. Hanyar da ke zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta yanke, sai da jirgin ruwa ake hayewa. A 2020 kuma irin wannan ya sami 'yan'uwanmu na Jihar Kebbi, ruwa ya cinye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa ana dab da samun amfani.

Sai mu faɗi gaskiya. Irin wannan ambaliya ta fi ƙarfin lauje. Shinkafar da ba ta fid da kai ba, ba dabarar da za ta cece ta. Amma akwai abu uku da ke hannunmu.

Na fari, mu tuna ruwan Rima daga nesa yake zuwa, daga ƙasar Katsina da Zamfara da wajen Maraɗi. Gulbi yana iya cika alhali a Arkilla ko ɗigo ba a yi ba. Saboda haka duban sama kaɗai bai isa ba. A kafa sanda a bakin ruwa a riƙa dubawa safe da yamma, a kuma riƙa tambayar 'yan'uwa da ke gaba da mu wajen Wurno da Goronyo. Yanzu da akwai waya a kowane aljihu, wannan ba wuya.

Na biyu, shinkafa takan kai yanka wajen wata ɗaya bayan ta yi fure, sa'ad da tsaba takwas cikin goma na kowace zangarniya suka yi launin tattaka. In ta kai haka, ga gulbi yana hawa, kada a jira sauran biyun. Kada kuma a tara abin da aka yanka a cikin fadama a ce sai gobe. A fitar da shi tudu ran nan, ko da za a kai dare.

Na uku, ranar yanka tun ranar shuka ake sa ta. Iri mai sauri kamar FARO 44 yakan nuna cikin wata huɗu ko ƙasa da haka kaɗan. Wanda ya san inda ruwa yakan kai a gonarsa zai iya lissafi tun da wuri. Wanda kuma ya raba ƙarfinsa, kaɗan a fadama, kaɗan a tudu, da shirin noman rani bayan ruwa ya janye, ba ya tashi hannu wofi a shekara guda.

Gyaɗa da wake

Gyaɗa tana ɓoye nunarta a cikin ƙasa, ganye kuwa yakan ruɗi mutum. A tuge gindi uku ko huɗu daga wurare dabam dabam a gonar, a ɓare 'ya'yan. In cikin ɓawon ya yi duhu a bakwai ko takwas cikin goma, ta yi. In an yi jinkiri ƙasa ta bushe ta yi tauri, igiyar da ke riƙe da 'ya'yan takan tsinke, rabi ya zauna a ƙasa. In kuwa ruwa ya komo, waɗansu irin sukan tsira tun suna cikin ƙasa. Akwai iri mai sauri, SAMNUT 24, wanda cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, ta fitar a 2011. Yakan nuna cikin kwana 80 zuwa 90, ya dace da gajeriyar damina irin tamu. Amma iri mai sauri yana son mai gona mai sauri.

Iyaye mata, a nan muna roƙonku ku kula ƙwarai. Gyaɗar da ta daɗe a jiƙe takan yi fumfuna, fumfunar nan kuwa tana haifar da guba mai suna afalatoksin, wadda take lalata hanta, tana kuma hana yara girma. Suya ba ta kashe ta. A shanya gyaɗa da sauri, a tsince wadda ta ruɓe ko ta motse a zubar. Kada a ce ai ta isa ƙuliƙuli ko kunun yara.

Wake kuma kamar riɗi yake, ba ya nuna gaba ɗaya. A yi roro sau biyu ko uku. Wanda ya ce sai duka ya bushe ya kwashe rana ɗaya, zai tarar na fari ya fashe, ko raɓa da ruwa sun baƙanta shi, ko ƙwari sun riga sun yi ƙwai a ciki.

Abin da za mu yi a wannan wata

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga abin da muke ba kowane gida shawara:

1. Daga yanzu a riƙa zuwa gona kowane kwana biyu. Wanda aikin ofis ko kasuwa ya riƙe shi, ya aiki babban yaro, ya koya masa abin da zai duba. A shiga har tsakiya, gama bakin gona yakan riga ciki nuna.

2. A wasa lauje, a nemi igiya da buhuna da tampol tun yau. A yi magana da 'yan ƙwadago ko abokan gayya tun kafin ranar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, a makon yanka kuwa kowa nasa yake yi.

3. A duba tafiye-tafiye da bukukuwan da ke gabanmu. Wanda za a iya ɗagawa a ɗaga. Wanda ba ya ɗaguwa, a bar wani a gida da izinin yanka ba sai an jira maigida ba.

4. A yanki riɗi da sassafe tun da sauran raɓa, lokacin kwanso bai yi ƙarau ba. A ɗaure ƙananan dammuna, a jingine su tsaye kai sama, a kan tampol ko daɓe mai tsabta, inda awaki da gara ba za su kai ba. A ɗaure su da kyau saboda iska. Bayan mako ɗaya ko biyu a juya su kai ƙasa a kakkaɓe, a sake jinginewa, a kuma kakkaɓewa bayan 'yan kwanaki.

5. A saurari labarin yanayi a rediyo. Hukumar NiMet takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da lokacin da ake zaton ruwa zai fara da lokacin da zai ɗauke. Hukumar NIHSA kuma takan faɗi wuraren da ake tsoron ambaliya. Hasashe ne, yakan kuskure, amma ya fi zaman jiran tsammani.

6. Kada a sa komai a buhu sai ya bushe sarai. A gwada da haƙori. In tsaba ta karye ƙas, ta yi. In ta lotsa, a mai da ita rana.

7. A sami ɗan littafi a rubuta ranar shuka, da ranar fure, da ranar yanka, da ranar ruwan ƙarshe, da abin da aka samu. Yaran makaranta za su ji daɗin wannan aiki. Bayan shekara uku littafin nan zai zama malamin gidan.

Ƙarshen magana

'Yan'uwa, abin da muka koya a gonar riɗin nan shi ne, babu ranar yanka da ba ta da hasara. In ka yanka yau, za ka bar 'yan ƙanana na sama. In ka jira mako guda, kana iya rasa manya na ƙasa. Manomi ba ya zaɓe tsakanin hasara da rashin hasara, sai dai tsakanin ƙarama da babba. Hasarar da mutum ya zaɓa da kansa, idonsa biyu, ta fi wadda hadari zai zaɓa masa da tsakar dare sauƙi. Fari da ambaliya ba a hannunmu suke ba, ba kuwa za mu ɗora wa wanda suka same shi laifi ba. Sai mu taimake shi da iri da abinci gwargwadon ƙarfinmu. Amma kwana takwas ɗin nan da muka yi a wurin biki, a hannunmu suke.

Shekarar da ta biyo baya mun sake shuka riɗi a gonar nan. Da dattijon ya leƙo ya ce, "Malam, ya kai," ba mu ce masa komai ba sai, "To, Baba." Washegari da asuba dukan gidan muna gona. Kan karan yana nan kore, muka yanke shi haka nan. A kakar nan muka mayar wa uwargida tunkiyarta.

Wata mai zuwa za mu yi magana a kan ajiyar wake ba tare da maganin ƙwari ba. Wanda yake da wata dabara da ya gwada ta yi masa amfani, ya rubuto mana domin sauran gidaje su ƙaru. Allah ya ba mu kaka mai albarka, ya sa mu ci cikin lafiya. Sai wani watan.